Yawon buɗe ido a Birnin Kebbi da Argungu

Birnin Kebbi, babban birnin Jihar Kebbi tun 1991, da Argungu, mazaunin Sarkin Kabi, garuruwa ne biyu a kwarin Gulbin Rima da baƙi ke haɗawa a ziyara guda.

Abin da ya fi jan jama'a shi ne Bikin Kamun Kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, alamar sulhu tsakanin Kabawa da Sakkwatawa. Ranar babban su, dubban masunta kan ruga cikin ruwan Matan Fada da homa da gora, kowa na neman giwan ruwa mafi nauyi. Akwai kuma tseren kwale-kwale, kokawa da dambe. UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun gado na duniya a 2016.

Ko ba lokacin biki ba, Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, tsohuwar fadar sarakunan Kabi, ya cancanci yini guda. A Birnin Kebbi kuwa akwai Fadar Abdullahi Fodiyo ta Sarkin Gwandu.

Kebbi ƙasar shinkafar fadama ce, don haka baƙo kada ya bar ta bai ci tuwon shinkafa da miyar kifin banda ba.