Dutse ɗaya, hanyoyi biyu: saɓanin malaman Buddha a tsohuwar Japan

A ƙarni na 12, manyan masu neman ilimin addinin Buddha a Japan dutsen Hiei suke hawa, arewa maso gabashin birnin Kyoto. Muradinsu shi ne kuɓuta daga kewayen haihuwa da mutuwa da sake haihuwa. Hanyar kuwa doguwa ce, ga haddar littattafai, ga tsare dokoki, ga shekarun zuhudu. Manomi ba shi da wannan sukuni, balle masunci, wanda sana'arsa kanta ɗaukar rai ce.

Honen, wanda aka haifa a 1133, ya kwashe shekaru masu yawa a kan dutsen hankalinsa bai kwanta ba. A 1175 ya sauko da magana ɗaya. Mutanen lokacin sun yi imani cewa tun 1052 duniya ta shiga zamanin lalacewar addini, shi kuma ya ce a irin wannan zamani ƙoƙarin mutum ba zai fisshe shi ba. Abin yi kawai shi ne ambaton sunan Amida, wani Buddha da suka ce ya yi alkawarin karɓar duk mai kiransa a Tsarkakakkiyar Ƙasa. Ba a jima ba yaƙin basasa ya ɓarke a 1180, yunwa ta biyo baya, har gawarwaki suka cika titunan Kyoto. Talakawa suka yi ta tururuwa wajen Honen.

Manyan gidajen ibada suka kai ƙara fada. Sun kawo hujjoji na ilimi, amma a ganina akwai batun tuwo a ciki: idan kowace tsohuwa za ta tsira daga bakin murhunta, wa zai ƙara kai musu kyautar gonaki? A 1207 aka kashe almajiran Honen huɗu, aka kore shi zuwa tsibirin Shikoku, aka tura almajirinsa Shinran lardin Echigo. Shinran ya yi aure, ya kuma zarce malaminsa, ya ce ambaton ma ba aikin neman lada ba ne, godiya ce.

Dogen shi ma ɗan Hiei ne, sai dai ya bi wata hanya daban. Ya tafi ƙasar Sin a 1223, ya dawo a 1227 da koyarwar zama kurum. Mutum ya harɗe ƙafafu, ya miƙe gadon baya, ya ɗora hannun hagu kan na dama, manyan yatsu na taɓa juna, ido a buɗe, ba ya bin tunani kuma ba ya korarsa. A wajensa zaman ba tsani ba ne zuwa farkawa, shi ne farkawar. Gidan zuhudun da ya kafa a 1244, Eiheiji, yana nan har yau.

A shekarar da Dogen ya dawo, mutanen Hiei ba su huce ba. Honen ya shekara 15 da rasuwa, amma suka sauko suka rushe kabarinsa. Almajiransa ne suka tsere da ƙasusuwan.