Abin da ke gudana a ɓoye cikin kwamfuta: Bayani kan Task Manager, Sysinternals da PowerToys

A ranar 31 ga Oktoba, 2005, wani masanin manhaja mai suna Mark Russinovich ya wallafa binciken da ya jefa kamfanin waƙoƙi na Sony BMG cikin abin kunya. Yana cikin gwada RootkitRevealer, manhajar da aka ƙera domin bankaɗo ɓoyayyun fayiloli, sai ya tarar da wata manhaja a kwamfutarsa wadda bai san da zamanta ba. Da ya bi sawu, ya gano cewa faifan waƙa na CD da ya saya ne ya dasa ta, da sunan hana kwafar waƙoƙi.

Manhajar, mai suna XCP, takan ɓoye duk fayil ɗin da sunansa ya fara da $sys$. Ba a jima ba masu ƙera manhajojin ɓarna suka fara laƙaba wa nasu fayilolin irin wannan suna domin su fake a bayanta. Dole kamfanin ya janye faya-fayan daga kasuwa, jihar Texas ta maka shi a kotu, daga bisani kuma ya yi sulhu da hukumar kula da cinikayya ta Amurka a 2007.

Irin kayan aikin da suka tona wannan asiri suna nan har yau, kyauta ne, kuma duk mai amfani da Windows zai iya koyon su. Ga ɗan jarida ko ɗan gwagwarmaya da ke ajiye takardu da sunayen majiyoyi a kwamfutarsa, sanin abin da ke aiki a cikinta yana cikin matakan farko na kare kansa da waɗanda suka ba shi amana.

Task Manager: matakin farko

Kowace manhaja da aka buɗe tana zama aiki guda ko fiye a ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma akwai gwamman ayyuka da ke gudana a bayan fage ko da ba a buɗe komai ba. Task Manager, wanda David Plummer ya rubuta kuma ya fito tare da Windows NT 4.0 a 1996, shi ne ke jera su. Ana kiran sa ta hanyar danna Ctrl da Shift da Esc a lokaci guda.

Yana nuna yawan ƙarfin na'ura da ƙwaƙwalwa da intanet da kowane aiki ke ci. Tun daga Windows 8 kuma an ƙara masa sashen manhajojin da ke tashi da kansu idan an kunna kwamfuta. Wanda batirinsa ke saurin ƙarewa ko datarsa ke zurarewa, nan ya kamata ya fara dubawa. Masu Mac suna da Activity Monitor, masu Linux kuma suna da top da htop.

Sysinternals: dubawa mai zurfi

Russinovich da abokin aikinsa Bryce Cogswell suka kafa Sysinternals a 1996, sannan Microsoft ya saye shi a watan Yulin 2006 ya ci gaba da rarraba manhajojinsa kyauta. Huɗu daga cikinsu suka fi amfani ga mai bincike.

Process Explorer yana jera ayyuka kamar bishiyar zuri'a, ta yadda za a ga wane aiki ne ya haifi wane. Wannan yana da muhimmanci, domin idan takardar Word ta buɗe PowerShell ba tare da an umarce ta ba, alama ce ta tarko. Yana nuna ainihin wurin da fayil yake da kamfanin da ya sa masa hannu. Sabon aiki yakan bayyana da launin kore na ɗan lokaci, wanda ke rufewa kuma da ja. Ana iya haɗa shi da VirusTotal, inda gwamman manhajojin riga-kafi ke tantance fayil.

Autoruns yana bankaɗo kusan duk maɓoyar da manhaja ke amfani da ita domin ta riƙa tashi da kanta, har da waɗanda Task Manager ba ya nunawa. Manhajar leƙen asiri takan buƙaci ta farfaɗo bayan an kashe kwamfuta an kunna, shi ya sa sau da yawa sawunta ke fitowa a nan. Cire alamar da ke gefen suna yana dakatar da abu ba tare da goge shi ba, kuma ana iya mayar da shi.

Process Monitor, wanda ya haɗe tsofaffin manhajoji biyu, Filemon da Regmon, yana rubuta duk fayil ɗin da aka taɓa da duk sauyin da aka yi wa rajistar Windows. Cikin mintuna kaɗan yakan tara dubban ɗaruruwan layuka, don haka sai an tace sakamakon da sunan aikin da ake zargi. TCPView kuwa yana nuna wace manhaja ce ke magana da wace na'ura a intanet.

Yadda ɓarna ke sauya kama

Mafi yawan sunayen da ke tsorata sabon shiga halastattu ne. Ganin svchost.exe sau da yawa a jeri ba laifi ba ne, haka Windows ke tafiyar da hidimominsa. Abin lura shi ne mazauninsa: na gaskiya yana cikin jakar Windows, galibi a System32. Idan aka same shi a jakar saukar da kaya, ko an sauya harafi guda a sunansa, akwai dalilin zargi.

A watan Afrilun 2013, cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta ba da rahoton cewa FinSpy, manhajar leƙen asiri da kamfanin Gamma ke sayar wa gwamnatoci a lokacin, tana yin shigar burtu da sunan Firefox. Mozilla, mai Firefox, ta aika wa kamfanin takardar gargaɗi. Rahoton ya lissafa Nijeriya cikin ƙasashen da aka gano na'urorin da ke sarrafa manhajar, sai dai samun na'ura a ƙasa bai isa hujjar gane wanda ke amfani da ita ba.

Sa hannun kamfani ma ba tabbaci ba ne ɗari bisa ɗari. A 2017 masu kutse suka cusa manhajar ɓarna cikin CCleaner 5.33, aka rarraba ta da sahihin sa hannun kamfanin, ta shiga kwamfutoci fiye da miliyan biyu.

PowerToys: daidaita Windows da buƙata

Ɗaya ɓangaren waɗannan kayan aiki shi ne gyara tsarin kwamfuta ya dace da mai ita. PowerToys ya fara fitowa a zamanin Windows 95, sannan Microsoft ya farfaɗo da shi a 2019 a matsayin manhajar da kowa ke iya duba yadda aka rubuta ta.

FancyZones yana raba allo gida-gida, abin da ke sauƙaƙa kwatanta takardun kasafin kuɗi biyu gefe da gefe. PowerRename yana sauya sunayen ɗaruruwan fayiloli a lokaci guda. Text Extractor yana kwafo rubutu daga hoto, misali sanarwar da aka ɗauka da waya. File Locksmith yana faɗin wace manhaja ce ta riƙe fayil ta hana goge shi. Keyboard Manager kuma yana ba da damar sauya aikin madannai, har a ware wasu domin haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ, ko da yake Windows yana da nasa tsarin madannan Hausa a sashen harsuna.

Ƙa'idoji da iyaka

A sauke Sysinternals da PowerToys daga Microsoft kawai, domin masu kutse kan yi amfani da sunayen sanannun manhajoji su yaɗa jabu. Kada a kashe aikin da ba a san shi ba: rufe lsass.exe ko csrss.exe yana durƙusar da Windows. Kada kuma a ɗora takardar sirri a VirusTotal, domin masu biyan kuɗin hidimar suna iya sauke abin da aka ɗora.

Waɗannan manhajoji ba sa ganin komai da komai. Ɓarnar da ta kutsa cikin zuciyar Windows tana iya ɓoye kanta daga jerin ayyuka, kamar yadda XCP ta yi. Ba sa kuma duba waya, inda manhajoji irin su Pegasus ke aiki.

Wanda ya ga abin zargi, musamman ɗan jarida ko mai kare haƙƙin ɗan Adam, kada ya yi gaggawar gogewa, domin gogewa na shafe hujja. Ya ɗauki hoton allon, ya rubuta suna da mazaunin fayil ɗin, ya cire kwamfutar daga intanet, sannan ya sauya kalmomin sirrinsa daga wata na'ura dabam. Ƙungiyar Access Now tana da sashen taimakon tsaron dijital da ke aiki dare da rana, kyauta, domin 'yan jarida da ƙungiyoyin farar hula.