Tazarce a Ƙasar Nijar, 2009-2010

A ƙarshen shekara ta 2008, da wa'adin Shugaba Mamadu Tanja ya kusa cika, sai mutanensa suka tsiro da kiran tazarce, watau ya ci gaba da mulki. Kotun Tsarin Mulki ta ce faufau. Shi kuwa ya rushe Majalisa a watan Mayu, sa'an nan ya rushe kotun kanta a watan Yuni. Jam'iyyun hamayya da ƙungiyoyin ƙwadago suka cika titunan Yamai, suka ƙaurace wa ƙuri'ar ran 4 ga Agusta, wadda ta ƙara masa shekara 3. Amma fa ba su suka tuɓe shi ba. Soja ne, ƙarƙashin Salu Jibo, ran 18 ga Fabrairu, 2010.