Domen na fankishan

Domen, a ilimin aljabra, shi ne rukunin dukkan lambobin da za a iya sakawa a gurbin x cikin fankishan a samu amsa.

Folinomiyal

Fankishan irin f(x) = 3x² − 5x + 1 ana kiransa folinomiyal. Tarawa da ɗebewa da ninkawa kawai ake yi a cikinsa, don haka domen ɗinsa ya ƙunshi dukkan lambobin haƙiƙa, wato (−∞, ∞).

Rashinal

Fankishan rashinal folinomiyal biyu ne, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Tunda ba a raba lamba da sifili, ana daidaita na ƙasan da sifili, a warware, sannan a cire amsoshin daga domen. A g(x) = 1/(x² − 5x + 6), na ƙasan shi ne (x − 2)(x − 3), saboda haka domen dukkan lambobin haƙiƙa ne ban da 2 da 3.

Ana tantance domen kafin a sauƙaƙa fankishan. (x² − 4)/(x − 2) yana komawa x + 2, amma duk da haka 2 ba ta cikin domen. Shi kuwa 1/(x² + 1) babu lambar da ake cirewa, domin ƙasansa ba ya taɓa zama sifili.