In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira: Tarihin Gargaɗi a Ɗakin Gwaje-gwaje

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa leƙa ɗakin gwaje-gwaje na sashen kimiyya ya ga kwalabe jere a kan kanta, kowace da 'yar takarda manne a jikinta. A kan wata an zana ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu, a kan wata harshen wuta, duk a cikin jan zagaye mai kusurwa huɗu. Da yawanmu mukan wuce su kamar ado. A cikin wannan ɗan taƙaitaccen rubutu za mu duba yadda aka yi waɗannan alamomi suka samu, domin kuwa sai da aka yi asarar rayuka kafin a yarda cewa mai taɓa sinadari yana da haƙƙin a gaya masa abin da ke hannunsa.

'Yan Matan Radiyam

A shekarar 1898 ne Marie Curie da mijinta Pierre suka gano sinadarin radiyam a birnin Faris. Ba a daɗe ba aka fahimci cewa in an gauraya shi da wani gari ana samun fenti mai haske cikin duhu. Daga shekarar 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani kamfani mai suna United States Radium Corporation da ke garin Orange a jihar New Jersey ta Amurka ya ɗebi 'yan mata suna shafa wannan fenti a kan lambobin agogo, don sojoji su riƙa ganin lokaci da dare.

Aikin yana son tsinin burushi, saboda haka aka koya musu su riƙa murza bakin burushin da leɓɓansu kafin su tsoma shi a fenti. Aka ce musu babu wata illa. Alhali kuwa masanan kamfanin da ke sarrafa radiyam ɗin a ɗakin gwaje-gwaje da awartaki suke ɗaukarsa, suna kuma kare jikinsu da allunan darma. Ashe ke nan sanin haɗarin yana cikin gidan, sai dai bai isa teburin 'yan matan ba.

Shi radiyam in ya shiga jiki, jiki yakan ɗauke shi tamkar kalsiyam, wato sinadarin da ke gina ƙashi, sai ya kai shi cikin ƙasusuwa ya ajiye. Daga nan yake ta cin ƙashi da ɓargo a hankali. 'Yan matan suka fara da ciwon haƙori, sannan muƙamuƙi ya shiga ruɓewa. Ɗaya daga cikinsu, Mollie Maggia, ta rasu a 1922, aka rubuta wai tunjere ne ya kashe ta. Ga mutuwa ga ɓata suna.

A 1924 kamfanin ya gayyaci Dakta Cecil Drinker na Jami'ar Harvard ya yi bincike. Da ya ɗora laifin a kan radiyam, sai kamfanin ya yi ƙoƙarin hana a buga rahoton. A 1925 Dakta Harrison Martland, likitan gwamnati mai binciken gawa a yankin, ya tabbatar da cewa radiyam ne ke kashe su. Grace Fryer da abokan aikinta huɗu suka kai ƙara a 1927. A 1928 aka sasanta, aka ba kowace dala 10,000, da dala 600 duk shekara, da kuɗin magani. A wannan shekarar ce kuma Sabin von Sochocky, wanda ya haɗa fentin, ya mutu da ciwon ɓargo. Ita ma Marie Curie irin wannan ciwo ne ya yi ajalinta a 1934, har yau kuma littattafan aikinta a cikin akwatunan darma ake adana su.

Haƙƙin Sani Ya Zama Doka

Shari'ar 'yan matan ta buɗe ido, amma doka ba ta zo da wuri ba. Sai a 1970 Amurka ta yi dokar lafiyar ma'aikata wadda ta kafa hukumar OSHA. A 1983 hukumar ta fito da ƙa'idar sanar da haɗari, wadda ta tilasta wa masu masana'antu abu uku: manna gargaɗi a jikin kowane mazubi, ajiye takardar bayanin kowane sinadari inda ma'aikaci zai iya gani, da koyar da ma'aikaci kafin ya sa hannu. A 1990 aka yi ƙa'ida ta musamman domin ɗakunan gwaje-gwaje.

Da yake sinadarai suna ƙetare iyakoki, kowace ƙasa kuma da nata alamomin, sai Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga tsari guda a 2003, wanda ake kira GHS. Shi ne ya kawo hotuna tara na gargaɗi da takardar bayani mai kashi 16, wadda ke faɗin illar sinadari, da yadda ake ajiye shi, da agajin farko in ya zuba a jiki.

Darasin Farfesa Wetterhahn

Kada mai karatu ya zaci da zuwan takarda magana ta ƙare. Karen Wetterhahn farfesa ce a Kwalejin Dartmouth ta Amurka, gubar ƙarafa kuwa ita ce fanninta. A watan Agusta na 1996 tana aiki da wani ruwa mai ɗauke da zaiba, sai 'yan ɗigo suka faɗa a kan safar hannunta ta roba. Ta bi duk ƙa'idar da aka sani a lokacin. Sai bayan wata biyar harshenta ya fara sarƙewa, tafiya ta gagare ta. Ta rasu a watan Yuni na 1997 tana da shekara 48. Gwajin da aka yi daga baya ya nuna cewa wannan ruwa yakan ratsa irin wannan safa cikin daƙiƙa 15 ko ƙasa da haka. Abokan aikinta ba su ɓoye ba, suka baza labarin ga masana, aka sauya shawarar irin safar da za a riƙa sawa.

Kammalawa

In muka haɗa labaran biyu za mu ga bambanci. A Orange an sani aka ƙi faɗa, 'yan mata suka yi ta mutuwa shekara da shekaru. A Dartmouth ba a sani ba, amma da aka sani sai aka faɗa, wasu suka tsira.

Saura tambaya guda wadda ta shafe mu, mu ɗaliban harshe. Faɗa ba ta cika sai an ji. A ɗakunan gwaje-gwajenmu ba malami da ɗalibi kaɗai ke shiga ba. Akwai mai shara, da mai wankin kwalabe, da leburan da ke sauke kaya, gargaɗin kuwa da Turanci yake zuwa. Hoton ƙoƙon kai yana iya tsoratar da mutum, amma ba zai gaya masa ya yi ta kwarara wa idonsa ruwa in abu ya fantsama ba. Wannan aikin harshe ne. Ya kamata 'yan wannan ƙungiya mu zauna da 'yan'uwanmu na sashen kimiyya mu mayar da waɗannan gargaɗi cikin Hausar da kowa zai gane, a rubuce da kuma a baki. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya kiyashe mu, amin.