Shanyewar ɓarin jiki sakamakon sanƙarau

Shanyewar ɓarin jiki na daga cikin munanan illolin da sanƙarau na ƙwayar bakteriya ke jawo wa manya. Tana faruwa ne idan kumburin rigar ƙwaƙwalwa ya kama jijiyoyin jini, suka tsuke ko jini ya daskare a cikinsu. Alamominta sun haɗa da mutuwar hannu ko ƙafa, karkacewar baki da sarƙewar harshe. An fi ganinta a sanƙarau na ƙwayar Streptococcus pneumoniae.

Dakoro, a jihar Maraɗi ta Nijar, tana cikin yankin Sahel inda cutar sanƙarau kan ɓarke tsakanin Disamba da Yuni. A 2010 Nijar ta fara allurar MenAfriVac, wadda ke rigakafin ƙwayar meningokokus rukunin A kaɗai, ba Streptococcus pneumoniae ba.