Tarihin Cire Gilashi Daga Motocin Tsere a Amurka

Cire gilasan tagogi yana daga cikin ayyukan farko da makanikai suke yi idan za a mayar da motar hawa ta yau da kullum motar tsere, kuma al'adar ta fi yin jijiya a kudancin ƙasar Amurka, inda irin wannan tsere ya samo asali. A tsakanin 1920 da 1933, lokacin da dokar ƙasar ta haramta sarrafa barasa da sayar da ita, masu fasa-ƙwaurinta a yankin tsaunukan Afalashiya sun koyi ƙara wa injin ƙarfi da cire kujerun baya, domin mota ta ɗauki kaya kuma ta tsere wa jami'an tsaro, sannan daga baya wasu daga cikinsu suka riƙa gwada junansu a filayen jar ƙasa.

A shekarar 1948 ne Bill France ya kafa ƙungiyar NASCAR a Daytona da ke jihar Fulorida domin ta tsara wannan gasa, kuma a ranar 19 ga Yuni, 1949 aka yi tseren farko a Charlotte na rukunin da dokarsa ta ce mota ta shiga fili kamar yadda kamfani ya sayar da ita. An tsananta dokar har ta kai ga ƙwace nasara daga Glenn Dunaway, wanda ya zo na ɗaya, saboda an taɓa sifirin bayan motarsa, aka miƙa ta ga Jim Roper. Ke nan a farkon al'amari gilashi yana nan a jikin mota, sai a hankali ƙa'idojin suka sassauta.

Ba za a gane dalilin cire shi ba sai an san cewa gilashin mota iri biyu ne. Na gaba falle biyu ne da aka manne da siririyar roba a tsakani, dabarar da Bafaranshe masanin sinadarai Édouard Bénédictus ya yi wa rajista a 1909, shi ya sa idan dutse ya same shi yakan tsattsage amma ya tsaya a wurinsa. Na ƙofofi kuwa ana gasa shi ne da zafin da ya haura digiri 600 sannan a sanyaya shi farat ɗaya, abin da yake sa ya yi ƙarfi, amma in ya fashe ya tarwatse ya zama ɓarɓashi, wanda kan cika wa direba jiki ya kuma bazu a kan hanya. Ban da wannan, gilashi yana da nauyi, kuma nauyin a saman mota yake, inda ya fi dagula mata zama a kwana.

Aikin kansa yana buƙatar haƙuri. Bakanike yakan ɓalle murfin ƙofa na ciki, ya kwance injin da ke ɗaga gilashi, ya karkata gilashin ya zaro shi ta sama, yayin da na gaba, in da gam aka liƙa shi, sai an zura siririyar wayar ƙarfe ta cikin gam ɗin, mutum ɗaya a ciki ɗaya a waje, su yi ta ja kamar masu zarto har su zagaye shi. Da yake a manyan motocin gasar ba a barin ƙofar da ke buɗewa, tagar ita ce mashigar direba, ita ce kuma mafitarsa idan wuta ta tashi.

Sai dai an toshe wata kafa ne aka buɗe wata. A ranar 19 ga Janairu, 1964, Joe Weatherly, zakaran gasar na 1962 da 1963, ya yi karo da katanga a filin Riverside na jihar Kalifoniya, kansa ya fita ta buɗaɗɗiyar taga ya bugi katangar, ya mutu. Abin takaici shi ne wannan rashi bai sa an rufe tagar ba, sai da aka shafe fiye da shekara 6, a watan Mayu na 1970, lokacin da motar Richard Petty ta yi ta ƙundumbala a filin Darlington, masu kallon talabijin suna ganin hannunsa yana reto a waje, sannan aka wajabta ragar taga, wato saƙar igiyoyi masu ƙarfi da ake ɗaurewa a gefen direba, wadda za a iya ɓallewa nan take. Wannan jinkiri sakaci ne da ba shi da uzuri, domin maganin ba mai tsada ba ne, kuma gawar zakara ta riga ta nuna inda haɗarin yake.

Abin da ya maye gurbin gilashin shi ne folikabonet, wata roba mai garai-garai da aka gano a 1953 a kamfanin Bayer na Jamus da kuma General Electric na Amurka, wanda ya sa mata suna Lexan. Nauyinta bai kai rabin na gilashi ba kuma da wuya ta fashe, amma tana saurin karcewa, don haka ake liƙa mata siraran ledoji a jere, ma'aikaci ya ɓare ɗaya idan mai da ƙura sun dushe ta. A manyan filaye ma an dawo da rufin tagar dama, saboda iskar da ke cika motar da ta juya tana iya ɗaga ta sama, matsalar da ta sa aka ƙara murafen rufi masu buɗe kansu a 1994.

A ƙananan filayen ƙasa, da kuma gasar karon tsofaffin motoci ta Amurka da Ingila, har yau ba a barin mota ta shiga fili sai an cire gilasanta, a sa ragar waya ko sandunan ƙarfe a gaban direba domin tare duwatsu.